Makullin da Maigidana Ya Bari

Maigidana injiniya ne a wata ƙungiya mai rajistar sunayen shafukan intanet, a wani bene kusa da kasuwar Utako. Ban fahimci aikin sosai ba. Abin da na sani shi ne wani ɗan ƙarfe, bai kai ɗan yatsa ba, da yake haɗawa da makullan gida. Ya ce sai an soka shi a kwamfuta kafin a taɓa rumbun sunayen, kuma ƙa'idarsu ba a miƙa shi ga kowa sai a gaban ɗan kwamitin sa ido.

"Ko oga ne ya nema?" na tambaye shi.

"Musamman ma oga," ya ce yana dariya.

Da Allah Ya karɓi ransa, ƙarfen nan ya hana ni sukuni. Ina takaba ina sauya masa wuri, yau cikin kwalla, gobe ƙasan akwati. Ina fita takaba na hau mota daga unguwarmu ta Gudu zuwa ofishinsu.

Ban ga fuskar da na sani ba a ofishin. Waɗanda suka zo mini gaisuwa duk sun ajiye aiki, wani ya koma banki, wani ya tafi waje. Wata budurwa a teburin shiga ta miƙo hannu.

"Madam, ki kawo, zan ba oga."

Na ce sai ɗan kwamiti ya zo. Ta ce ita ba ta taɓa ganinsu ba.

Da na sake komawa, ita ma ta bar aikin. Sabon oga ya fito da kansa.

"Haba Hajiya, aiki ya tsaya saboda ke! Mutane na jira. Ni ne shugaba a nan fa."

Na fita na tsaya bakin titi, motoci na wucewa na kasa tsayar da ko ɗaya. Ko abincin mutane nake tarewa saboda maganar wanda ba ya duniya? Na hau benen, na sauko, na sake hawa. Na ce masa ya yi haƙuri ya kira su, zan jira.

A zuwana na gaba na tarar da wata dattijuwa 'yar kwamitin, ta taso daga garin Sheda. Ta ce ba wanda ya sanar da su rasuwar, balle tafiyar sauran ma'aikatan. Ta dubi oga. Sannan ta juyo gare ni, ta kira sunan maigidana.

"'Yata, ya haƙuri? Ni na danƙa masa wannan da hannuna."

Ita ce ta farko a ginin da ta ambaci sunansa. Na ciro ƙarfen daga cikin makullan, farcena har ya karye, na sa mata a tafin hannu. A mota na riƙa juya sauran makullan, sun yi mini rashin nauyi.