Motar da Aka Yi wa Ɗori

Mahaifina direba ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a kan titi, ya ja gingimari, ya ja tanka, ya ja bas, amma idan hira ta yi daɗi a ƙofar gidanmu a Kano, labarin mota ɗaya tak yake bayarwa. Wani ɗan kwangila ne ya shigo da ita daga Amurka, zamanin da kuɗin mai ya fara ruɗa mutane. Ƙofa biyu gare ta, da dogon bonet, da inji mai silinda takwas. Wata rana direban mutumin ya kwanta zazzaɓi, aka nemi wanda zai kai shi Gusau, aka ce ga Baba. Zuwa da dawowa ke nan, bai sake taɓa sitiyarinta ba. Amma yakan ce irin wannan mota idan ka taka totur ba a kunne kake jin ta ba, a ƙirji kake ji. Sai ya dafe ƙirji ya yi wani gurnani da maƙogwaro, mu yara mu yi ta dariya, mahaifiyarmu ta leƙo ta ce to an kama hanyar Gusau, a rufe masa tuwonsa.

Ina shekara ta goma sha ɗaya a Dubai na kawo shi asibiti. Aikina kula da sito ne a wani kamfani da ke rukunin masana'antu na DIP, ina zaune da matata a ɗan fulat mai ɗaki ɗaya a Karama. Lasin ina da shi, sai a gwaji na uku na samu, amma mota ban taɓa saya ba. Bas ɗin kamfani da jirgin metro sun ishe ni. Baba ya rame, idonsa ya yi rawaya, an yi ta yawo da shi a gida ba a gane komai ba. Na nema masa biza, aka yanka masa tikitin mako biyu.

Rana ta uku sakamako ya fito. Baba ba ya jin Turanci, ni ne tafinta. Likitan ya juyo da allon kwamfuta wajena, ya yi bayani mai tsawo cikin sanyin murya. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, babu maganar aiki. Ya ce wata biyu, ko uku idan an yi sa'a, kuma gara a mai da shi cikin iyalinsa. Baba ya dube ni yana jira. Na buɗe baki na ce masa likita ya ce a ci gaba da shan magani. Ya ce to, Allah ya sa a dace. Na ninke takardar sakamakon na cusa a aljihu, na ji kamar na yi sata.

A tasi muna komawa, danja ta tsayar da mu wajen unguwar Satwa. Baba ya jingina kai da gilashi, na ɗauka barci yake. Sai wata baƙar mota ta tsaya kusa da mu, mai ita ya ɗan taɓa totur. Baba ya miƙe zaune kamar an kira sunansa.

"Takwas ce," in ji shi. "Mai sunan Malam, ka ji ta? Takwas ce."

Haka yake kirana, don sunan mahaifinsa aka sa mini, bai taɓa faɗarsa da bakinsa ba. Na ga ya ɗora tafin hannu a ƙirji, ya bi motar da ido har ta ɓace. A nan cikin tasi na yanke shawara. Hantarsa ta fi ƙarfina, amma kafin ya hau jirgi sai na zaunar da shi a bayan irin wannan sitiyari. Na tambayi masu ba da haya, suka ce wanda ba shi da lasin ƙasar ba zai taɓa musu mota ba, balle dattijo mai shekara saba'in da wani abu. Na ce su riƙe kayarsu, zan sayi tawa.

Washegari na ɗauki hutu na tafi kasuwar tsofaffin motoci da ke bayan gari. Ban shawarci kowa ba, don na san duk wanda na gaya wa zai ce na haukace. A layi na uku na gan ta. Ja ce, da baƙin zane biyu tun daga bonet har but. Dillalin ya tayar da ita, ƙarar ta shiga mini har cikin haƙarƙari, na ce lallai Baba bai yi ƙarya ba.

Dillalin ya matso ya rage murya ya ce, "Habibi, wannan warid ce, shigo da ita aka yi. Amerikan sifek. Ka gane?"

Na ce na gane sarai.

To a nan na kashe kaina. Duk wanda ya taso a Kano ya san darajar mota hawa-hawa ce. Akwai wadda aka gama morewa a gida, akwai 'yar Kwatano, akwai Baljiyam, sannan can sama akwai Amerikan sifek. Idan dillali a gida ya faɗi kalmar nan, ƙirji yake bugawa, kuma farashi ya tashi ke nan. Da na ji mutumin nan ya rage murya, sai na ɗauka alheri yake ɓoye mini kada wasu su ji. Kusa da ita akwai wata irinta, ta girme ta da shekara biyu amma ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, ya ce ita wannan Kaliji ce, wato wadda aka ƙera don ƙasashen nan. Har dariya na yi a raina, na ce mutanen nan suna da kuɗi amma ba su san mota ba. Ya ce ba ta da lamba tukuna, takardar kwastan kawai gare ta, sai na kai ta fasin, wato gwajin lafiyar mota, sannan inshora da lamba. Na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Abin da na tara don ginin gida na kwashe na ba shi, ko tayi ban tsaya yi ba.

Da yamma na kasa riƙe bakina, na gaya wa Baba. Ya ce in sake faɗa. Kafin magariba ya buga wa abokan zamansa na ƙofar gida waya ɗaya bayan ɗaya, yana gaya musu ɗansa ya sayi mai takwas, zai ja ta a titin Dubai. Ranar ya cinye abincinsa tas, abin da bai yi ba tun zuwansa.

Janwe ya kai motar wurin fasin. Ina zaune a ɗakin jira ina kallo ta gilashi aka ɗaga ta sama. Mai dubawar ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya daɗe, ya kira wani, su biyu suka daɗe. Sannan ya yafito ni. Ya haska mini wani layin walda da ya ratsa cikinta daga gefe zuwa gefe, an shafe shi da baƙin fenti. Ya ce gaban na wata mota ne, bayan na wata. Shasi, wato ƙashin motar, an yanke an haɗa. Na ce to me za a gyara? Ya ce babu. Ya miƙo mini takarda ya ce kalas, wato magana ta ƙare, wannan ba za ta hau titin ƙasar nan ba.

Daga nan na zarce wajen wani Alhaji, mutumin Kano, mai sayen kayan gyaran mota yana lodawa gida, wanda tun zuwana nake ɗaukarsa kamar wa. Da na ce masa Amerikan sifek, sai da ya ajiye kofin shayinsa don dariya. Ya ce a nan kalmar gargaɗi ce. Yawanci motocin da suka yi haɗari ko suka sha ruwa a can ne ake kwasowa a kwantena a gyara, shi ya sa suke araha, dillalin ma ya yi mini adalci da ya faɗa. Ya ce shekara goma sha ɗaya a gari, amma kunnena yana Kano. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Na gaya masa maganar likita, shi ne mutum na farko da ya ji bayan matata.

Ya yi salati, ya ce a sa motar a kwantena a kai Kano, a gida wa zai leƙa ƙarƙashinta? Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce tsakanin teku da fitarwa daga tashar jirgi, in yi lissafin wata biyu zuwa uku. Muka dubi juna.

Kwana biyar da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na koma wa dillali ina huci, ya ɗaga hannu biyu ya ce ya tambaye ni ko na gane, na ce na gane. Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Na roƙe shi ya ara mini Kalijin nan na yini ɗaya, ya ce an sayar. Na bi gareji-gareji cikin rana mai narka kwalta, wani ya ce zai iya amma sai wata guda, wani ya leƙa kawai ya girgiza kai. Na kai ta wani wurin fasin daban, ashe kwamfutarsu ɗaya ce, kafin a ɗaga ta ma sun san labarinta. A can har na kai hannu aljihu irin yadda muka saba, Alhaji ya damƙe mini wuyan hannu ya ce in ina so Baba ya koma gida ya bar ni a kurkuku, bismillah.

Kullum da safe kuma Baba zai yi wanka, ya sa babbar rigarsa, ya karya hula, ya zauna a bakin gado ya ce, yau ne? Ni kuma in ce lamba ake jira. Matata ta same ni a kicin ta ce in ji tsoron Allah in gaya wa bawan Allahn nan gaskiya, ko da guda ɗaya ce daga cikin biyun. Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce ubanta ne ko nawa. Ta ci gaba da yanka albasa. Har yau idan na tuna ina jin kunya. Tsoro ne ya cika ni, na rasa wanda zan huce a kansa.

Jirginsa ranar Litinin ne. Ranar Asabar na je wajen manajanmu na roƙe shi abin da ban taɓa roƙon kowa ba. Na ce ya ara mini harabar sitonmu, don ba titin gwamnati ba ce, kuma ranar Lahadi babu aiki. Ya dube ni ya dube ni, ya ce kada in fasa masa ƙofa.

Da hantsi muka isa a tasi, janwe ya riga ya sauke ta. Filin bai fi tsawon filin ƙwallo ba, get a wannan gefe, katanga a wancan, kwantenoni jere a hagu. Na fara kame-kame cewa gara ya saba da ita a nan kafin lamba ta fito. Bai saurare ni ba. Ya zagaya ta a hankali yana shafa jikinta da tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa nan da can. Na riƙe shi ya shiga, don kujerar ƙasa-ƙasa ce. Ya laluba da ƙafar hagu bai sami kuloci ba, ya yi tsaki ya ce an lalata mota. Ya yi bismillah ya tayar.

Ya rufe ido ya daɗe yana saurare. Sannan ya sa giya, muka tafi. A tsakiyar filin ya saki sitiyari, motar ta fara zamewa hagu. Ya kamo ta, ya kai katanga, ya juya, ya sake saki, ta sake zamewa. Ya taka birki.

"An yi mata ɗori," in ji shi. "Ba za su ba ta lamba ba ko?"

Na ce ba za su ba ta ba, Baba.

"Injin kam lafiyarsa ƙalau. Gangar jikin ce ta gama." Ya gyara zaman hularsa, bai dube ni ba. "Mai sunan Malam, shekara arba'in ina kallon fuskar makanikai. Likitan nan ya yi magana mai tsawo, kai ka ba ni guntuwa. Ba ni sauran."

Na ba shi. Takardar likitan tana aljihuna tun ranar, har ta yi laushi da gumi, amma ban buƙaci buɗe ta ba. Na faɗa masa sunan ciwon, na faɗa masa watannin, ina kuka kamar ba magidanci ba, injin yana ta rugugi a ƙarƙashinmu. Ya ce Alhamdulillahi ala kulli halin. Sannan ya tambaye ni ko akwai mai. Na ce rabin tanki. Ya ce to in share fuskata, kada rana ta yi mana a hanya.

Ya taka ta sosai, ƙarar ta bugi kwantenoni ta dawo. Da muka kai katanga ya ce mun fita Kabuga. Ya juya, muka kai get, ya ce Gwarzo ke nan. Haka muka yi ta kai da komo, yana kiran garuruwa, yana gaya mini inda kwalta ta ƙare a wancan zamani da inda ɗan kwangilar ya sa aka tsaya sayen tsire. Muka wuce Dayi, muka wuce Malumfashi. Na ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga, juyawar ma sai da na ɗan kama masa. Ya tsaya a tsakiyar fili yana mai da numfashi, ya ja birkin hannu.

"Funtuwa ce nan," in ji shi. "Zagayo ka karɓa. Ka ƙarasa da mu Gusau."