A Jira Dariyar Inna

Sallar Layyar bana ita ce ta tara da muka yi babu Ya Fanna. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu, don zuciyata ta ƙi yarda. Shekara tara! Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, malamar lakwal, wato makarantar boko, a nan Gure, kuma ita ta kafa abin da mutanen garinmu ke kira karatun Sallah.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ga yadda abin yake. Rana ta biyu ta Sallah, bayan la'asar, an gama suyar nama kowa ya sarara, sai a shimfiɗa tabarmi a farfajiyar lakwal. Mu huɗu ko biyar mu tsaya gaban jama'a da takardu a hannu, mu karanta tsofaffin labaran Sallah, kowa da muryar da aka ba shi. Ba labule, ba kwalliya, ba gemun auduga. Murya ce kawai.

Labaran ma Ya Fanna ce ta tara su. Duk hutun lakwal sai ta ɗauki kaye, littafin rubutu, da biro ta bi tsofaffi, daga lambunan kwari har Gidigir, tana rubuta abin da suka ji daga kakanninsu. Akwai na ragon da ya tsinke igiya ya bi liman har filin idi. Akwai na marowacin da ya ɓoye cinyar layyarsa a rumbu don kada maƙwabta su samu. Kowa a Gure ya san ƙarshensu, amma ka kuskura ka tsallake ɗaya, ka ga yadda za a yi maka ca.

Shekarar farko da Hausa muka karanta, in an gama labari sai ita ta taƙaita shi da Barbarci. Mun koma gida ina ta fankama, ita kuwa ranta a ɓace. Ashe tun daga farko idonta na kan Innarmu. Inna a kwari ta tashi, Hausarta ta kasuwa ce: ta gaisa, ta taya albasa, shi ke nan. In labari ya ɗauki gudu, ya bar ta a baya. Ya Fanna ta ce ta ga Inna na duban fuskokin mutane don ta san inda ake dariya, sannan ta yi tata, ƴar guntuwa, a cikin mayafi.

Daga nan ta kafa mana doka. Kowane layi, in na faɗa da Hausa, ita ta bi shi da Barbarci nan take. In an zo wurin ban dariya kuwa, sai na ja burki kafin maganar ƙarshe, ita ta fara faɗinta da Barbarci, ni in biyo baya. Sannan ta ɗaga hannu, kuma babu mai sake buɗe baki sai tsofaffin matan da ke layin gaba sun gama dariyarsu tas.

Ni dai ban so ba, gaskiya. Labarin minti goma ya koma na ashirin. Na yi ta gunaguni, ita kuwa amsarta ɗaya ce: “Kyari, ka cika gaggawa kamar wanda mota za ta bari. Ka jira dariyar Inna.” Shekara goma sha ɗaya ina jin wannan magana a kunnena.

Wata uku kafin wata Sallah Ya Fanna ta kwanta ciwo, mako biyu Allah ya karɓi abinsa. Jagorancin karatu ya faɗo kaina. Na ce a raina, wa ke da Barbarci mai daɗi irin nata? Kuma ai yanzu kusan kowa na jin Hausa. Na yanke cewa da Hausa zalla za mu yi. Har ina ganin na yi bajinta da ban bar abin ya mutu ba. Kai, wauta ba ta da kunya!

Jama'a sun cika farfajiya, sun yi dariya yadda suka saba. Ana cikin labarin rago na ɗaga ido, sai na ga Inna a mazauninta na kullum tana duban fuskokin mutane. Kafin mu shiga labari na biyu ta naɗe tabarmarta ta fita, tsofaffi uku suka bi ta. Da na koma gida na same ta tana juya naman da ta shanya a igiya. Na ce, “Inna, lafiya kika tashi?” Ba ta ko dube ni ba. Da Barbarci ta ce, “Na zaci Fanna kaɗai kuka kai makabarta.”

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma ita da karatun Sallah har abada. Wanda ya san Inna ya san in ta faɗi magana ta zauna.

Yagana ce ta cece ni, babbar ƴar Ya Fanna, ungozoma ce a Damagaram. Ana saura mako uku Sallah ta gaba ta ɗauki hutu ta zo, ta buɗe akwatin uwarta ta fiddo kayen nan. Sai ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba: a gefen shafi, duk inda ake jira, Ya Fanna ta zana ƴar da'ira da jan biro. Matsalar ɗaya, Barbarcin Yagana ya gurgunce a birni. Ba ta roƙi Inna ta zo karatu ba, ko kusa. Kullum da hantsi sai ta zauna kusa da ita tana karanta labarin rago a karkace, har Inna ta kasa daurewa. “Ke, wane irin baki ne wannan? Sake faɗi!” Haka suka yi ta yi. Ranar karatu Inna ta yafa mayafi ta ce za ta je ne kawai don kada jikarta ta ba zuri'a kunya.

Da muka iso inda rago ya tsaya a sahun gaba, na ja burki. Yagana ta faɗi maganar da Barbarci, na biyo da Hausa, ta ɗaga hannu daidai yadda uwarta ke yi. Inna ta yi dariya har kallabinta ya zame, hawaye na zuba. Ban san wanne ne na dariya wanne ne na kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Yau abubuwa sun sake. Akwai amsa-kuwwa, akwai samari da ke ɗaukar mu da wayar salula suna tura wa ƴan'uwa a Yamai da Agadas. Nakan tambayi kaina, da Ya Fanna na nan me za ta ce? Salula dai za ta so ta, don mace ce mai son labari ya yi nisa. Amma waɗanda ke zuwa mini da shawarar a yanke Barbarcin wai ya sa hoton ya yi tsawo, su gode Allah ni suka tarar. Ni na taɓa yanke shi sau ɗaya, na ga abin da ya yanke tare da shi.

Abin da ke sa ƙirjina ya cika shi ne, cikin masu karatu yanzu akwai waɗanda ba su taɓa ganin Ya Fanna ba. In ɗayansu ya yi sauri wajen gwaji, sai ka ji sauran sun ce masa, “Kai, jira dariyar Inna.” Wani ma bai san wace Inna ce ba. Ya Fanna ba ta bar gida ba, ba ta bar garke ba, kayen ma sun fara yagewa. Abin da ta bari shi ne gari guda da ya iya jiran tsofaffinsa, kuma ina alfahari da cewa yayata ce.

Bana a amalanke muka kai Inna, ƙafa ta ƙi, kunne ya yi nauyi. Da aka zo wurin jan biro, Yagana ta bar wurin tsayuwarta ta durƙusa ta faɗa mata maganar a kunne. Inna ba ta ji ba. Yagana ta sake faɗa. Farfajiya cike maƙil, yara da manya, kowa ya san abin da ragon ya yi, amma ba wanda ya yi ko tari. A karo na uku ta ji. Ta buɗe bakin nan nata da ba haƙori ta ƙyalƙyale, sannan gari ya ɗauka.

Allah ya jiƙan ki, Ya Fanna. Mun jira.