Ƙwayar Rana a Faifan Goggo Yalwa

Duk wanda ya san Hajiya Yalwa ta Mabai, yayar babana, ya san ba ta kai abu baki sai ta fara jefa wa kaza. Ko ƙosai ka kawo mata daga Ƙanƙara, sai ta gutsura ta jefa, ta kafa wa kazar ido. In kaza ba ta faɗi ba, sannan za ka ji "an gode".

To ga wannan hali, ga ciwon gwiwa. Shekara biyu tana salla a kan kujerar roba, abin da ya fi ciwon kansa ƙona mata rai. Kullum cewa take, "Ni Yalwa, goshina ya manta da ƙasa? Allah kar ka ɗauke ni bisa kujera."

Da ƙyar na lallaɓa ta muka je asibiti. Da aka ɗebi jininta sai da ta tambayi inda za a kai shi. Likita ya ce gwiwar ta cinye, naman cinya ya saki, kuma bitamin D ya yi mata ƙaranci. Ya ce abu ne da jiki ke samu daga rana, ita kuwa tun da ciwo ya kama ta ba ta fita daga ɗaki. Ya rubuta ƙwaya, ya ce ba za ta mai da gwiwa sabuwa ba, amma in ana motsa ƙafa cinyar za ta samu ƙarfi.

Goggo ta dube shi sama da ƙasa. "Yaro, rana ka ɗura cikin kwalba? Ranar da muka baro waje kyauta?" Ta juyo gare ni. "Ke, bincika mani ɗan gidan wa ne wanga."

Motsa ƙafa kuwa ta ce atafau, ba ta yi rawa da ƙuruciya ba, ba za ta fara da furfura ba.

Muna isa gida ta murƙushe ƙwaya ɗaya cikin dusa ta ba zakara. Kwana uku tana gadinsa. Rana ta huɗu ya haura katanga ya faɗa gidan maƙwabta.

"Kin gani ko? Ta sa shi rashin kunya," in ji ta. Ta dubi katangar, sannan ta ce, "Amma hwa ƙahwa ta yi ƙarhi."

Kada ku ce ta yarda! Sai ta ɓullo da wata. Wai ƙwayar ta daɗe cikin kwali, ranar da ke cikinta ta huce. Kullum da hantsi sai ta zube su a faifai ta shanya kamar kuɓewa, da azahar ta haɗiyi ɗaya.

"Goggo, zafi lalata magani yake!"

"Ke da likitan naki, a cikinku wa ya taɓa yin shanya?"

Kaji kuwa da suka ɗanɗana, sai suka yi wa faifan caa. Dole Goggo ta dawo tsakar gida gadi, da kara a hannu. Ta zauna, ta tashi, ta kora, ta dawo. Rana na dukanta, cinya na aiki. Duk abin da likita ya roƙe ta, ga shi tana yi, tana kuma zaginsa. Ni dai na bar ta da kajinta.

Bayan wasu watanni na shiga ɗakinta da la'asar. Kujerar roba na gefe, an ɗora mata faifai. Goggo na kan tabarma, goshinta a ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, ni kuma na tsaya bakin ƙofa ina share hawaye.

Da ta sallame ta harare ni, idonta jajir. "Mi kike kallo? In kika hwaɗa ma likitan nan ban yahe ba, kansa kumbura za ya yi. Aikin kaji ne."

Gwiwar ba ta daina ciwo ba, amma har ta koma ga Allah ba ta sake zama kan kujerar nan don salla ba. Ban taɓa faɗa wa likitan ba, Goggo. Allah ya karɓi sujadarki, ya yalwata makwancinki, ya sa kin huta da ciwo. Amin.