Karen Malam Sabo Ya Daina Cin Abinci

Yau da safe aka yi wa 'yata Safiya allurar haukan kare ta biyu. Karen maƙwabcinmu Malam Sabo ne ya cije ta a lungunmu, Limancin Kona.

Na same shi a zaure na nemi katin rigakafin karen.

Ya ce, "Malam, wane mai Keke ne zai ɗauki kare a cikin birni? Ni ma ba na taɓa shi, daga nesa ake jefa masa tuwo."

Wanda ke ƙyamar kusantar kare, ya dace ya ajiye shi? Ina sauraronku.

Likitan dabbobi ya ce a ɗaure shi kwana goma a gani. Yau kwana uku, kuma tun jiya bai ci komai ba.