Sandar Gora a Kan Kabarin Mbah Tuminah

Kakana Mbah Karsiman manomin shinkafa ne a gaɓar arewacin tsibirin Jawa, har teku ta cinye gonarsa. Ya mai da ita tafkin kiwon kifi, shi ma ruwa ya shafe shi. Ya haifi tara, jikokinsa talatin da ɗaya ne, ni ke riƙe da sunayensu. Lokacin ƙuruciyarsa rijiya uku ce a garinmu. Yanzu kowane gida da kowace masana'anta na zuƙar ruwa daga ƙarƙashi, ƙasa kuma tana ta nutsewa.

Sau biyar ya ɗaga daɓen ɗakinsa saboda ruwa, rufin yana nan inda yake. Sai ka duƙa kamar mai ruku'u kafin ka shiga.

"Mbah, wannan ɗaki ne ko akurki?" nakan ce masa.

"Ke da ba ki kai tsawon taɓarya ba, Nduk, me ya dame ki?" Nduk, wato 'yar yarinya, haka yake kirana.

Shekara bakwai ke nan da ruwa ya rufe maƙabarta. Ya kafa sandar gora a kan kabarin kakata Mbah Tuminah, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Ya sha faɗa mana cewa a gefenta yake son a sa shi, ko da sai an jira ruwa ya janye. Ba wanda ya taɓa amsa masa.

Bana, mako guda kafin azumi, muka tafi ziyarar kabarin a kwale-kwale kamar kowace shekara, da kwandon furanni. Babban ɗansa, Pakde Wagiyo, ne ke tuƙa kwale-kwalen. Da muka isa sai muka tarar da sanduna sun fi ɗari, masu kama jatan lande sun kafa raga a wajen. Kusan kowace sanda da jan ƙyalle. Sun ga ta Mbah ta daɗe igiyar ruwa ba ta kayar da ita ba, suka ɗauka ƙyallen ne sirrin.

"Waccan ce, Pak," in ji Pakde ga mahaifinsa, yana nuna wata sanda.

"Ka san ta, ko yunwa kake ji?" in ji Mbah.

Muka yi ta kewayawa. Mbah yana shafa sandunan ɗaya bayan ɗaya, yana duba ƙullin, amma gishiri ya mai da su duka iri ɗaya. Da bishiyar mangwaro yake kwatance a da, ita ma ta mutu an sare ta.

Da rana ta take, ya karɓi kwandon daga hannuna, ya juye shi a ruwa gaba ɗaya. Furannin suka bazu tsakanin sanduna. Ya karanta Fatiha, muka shafa.

A hanyar komowa ya ce, "Wagiyo, maƙabartar nan ta kan tudu, mota na zuwa har can?"

"Tana zuwa, Pak."

"To."

Da muka iso gida ya duƙa ya shiga ɗakinsa, ni kuma na wanke kwandon na rataye.