Sallama Uku a Ƙofar Zaure

A aji huɗu na firamare muka rabu da boko, kuma a gaskiya shi ya fara gajiya da ni. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina auna auduga a wata masana'antar gurza a Funtua, in dai a kan sikeli ne ko mai digiri ba ya ja da ni. Amma alli ban taɓa riƙewa ba. Saboda haka wanda ya ji an ce yanzu ana kirana Malam har daga Ingila, ya yi dariyarsa a hankali, ni ma ban gama tawa ba.

'Yata ce ta jawo mini. Tana aure a Abuja, ta zo mana Babbar Sallah da yaranta biyu. Babban ya shigo zaure ya miƙo mini hannu a tsaye kamar mai karɓar haraji. Na ce masa, "Ina gajiya?" Ya dube ni da kyau, ya ce, "Eh." Uwarsa ta sunkuyar da kai. Kafin ta koma ta ajiye mini wata waya mai faɗin faranti, ta nuna mini inda zan taɓa fuskoki su fito, ta ce daga Litinin zuwa Alhamis, bayan la'asar, in riƙa koya musu Hausa na rabin awa. Ta ƙara mini da yara biyu na ƙawarta, wata likita 'yar Malumfashi da ke aiki a Ingila. Na ce mata ni fa ba ni da takardar koyarwa. Ta ce, "Baba, kana da baki, kuma duk unguwar nan shaida ne ba ya hutawa."

Abin da ba mu lissafa ba ni da ita shi ne, bayan la'asar ba lokacina ba ne ni kaɗai. Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, manomi, gida uku ne tsakaninmu. Tun muna yara shi yake cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa, kuma iyayen da za su raba gardamar duk sun riga mu gidan gaskiya. Kullum in an sallame la'asar zaurena yake nufa da goronsa a aljihu, ya zauna ya zage ni har magariba, ni ma in rama. Da na dawo daga hajji kowa ya zo yana Alhaji, Alhaji, shi kuwa cewa ya yi jirgi ya ɗauki kaya bisa kuskure ya dawo da su. Da wannan muka tsufa.

Ranar darasin farko ya tafi kasuwar ƙauye sayen taki, ni kuwa na sa babbar riga, na jingina wayar da buta, na zauna a zaure ƙofa a buɗe kamar kullum. Fuskoki huɗu suka fito. Ban gama cewa bismillah ba mai kayan miya ya leƙo ya gaishe ni. Na amsa, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa. Yana wucewa ladan ya tsaya. Bayansa wani ɗan acaba da na halarci sunansa, sai maƙwabcinmu Kirista, malamin asibiti mai ritaya, wanda in bai ji labarin gwiwata dalla-dalla ba ba ya tafiya. Da na waiwayo ga ɗalibaina, ɗaya ya kwanta, ɗaya yana cin wani abu da cokali, rabin awa ta ƙare.

Likita ta kira ni bayan nan. Mace ce mai ladabi, ta gaishe ni sosai kafin ta yanka ni. "Baba, don Allah in da hali a riƙa rufe ƙofa. Yaran nan hankalinsu ba ya zama wuri ɗaya. Minti talatin ne kawai, duk wanda ya zo ya jira."

Na ce to. Ai ma'aikaci ba ya musu da mai aiki a makon farko.

Ƙofar zaurena ba ta san rufuwa da rana ba. Washegari sai da na ɗiga mata man keke kafin ta yarda, tana kuka. Na fara darasi, likita na zaune bayan 'ya'yanta tana kallo, ga shi yaran sun fara kamawa, ƙaramar har ta ce "lafiya lau" ba tare da ta cije harshe ba, muka yi dariya gaba ɗaya. A cikin dariyar nan na ji muryar taubashina a waje.

"Salamu alaikum."

Na dubi ƙofa, na dubi likita. Na amsa a zuci, wanda ban san ko malamai sun yarda da shi ba.

"Salamu alaikum. Ko bawan nawa ya mutu ne ba a gaya mini ba?"

Na ci gaba da nuna wa yara yadda ake cewa ina kwana. Ta uku da ya yi babu wasa a cikinta, sallama ce tsantsa irin wadda ake yi a ƙofar baƙo. Daga nan na ji silifas ɗinsa yana ja yana nisa. Na ce a raina gobe zai zo ya wanke ni tas, magana ta wuce.

Da magariba a masallaci ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna. "Alhaji, an wuni lafiya? Ya iyali? Ya ƙoƙari?"

Wanda ba shi da taubashi ba zai gane ba. Da ya ɗaga sanda ya sauke mini a ka, da na fi samun sauƙi. Shekara sittin da wani abu ban taɓa jin kalmar girmamawa daga bakin mutumin nan ba, ga shi yau ya ba ni uku a jere a gaban jama'a. Liman ma sai da ya waiwayo.

Kwana biyu haka. Ranar Juma'a babu darasi, na taka har gidansa. Ya amsa sallamata tun ban rufe baki ba, don in ji yadda ake yi. Ya shiga ya ɗauko darduma sabuwa ta baƙi ya shimfiɗa mini, ya sa aka kawo ruwa a kofin gilashi a kan faranti, shi kuwa ya zauna a ƙasa can gefe. Na yi masa bayanin likita, da Ingila, da minti talatin. Yana ta gyaɗa kai. Na ce masa kansa ya ƙara sanƙo, ko zai tanka. Ya shafa kan ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, girma ne ya zo." Ya rako ni har bakin hanya kamar wanda ya zo neman aure.

Na dawo na faɗa wa mai ɗakina, ina neman wanda zai ce ni ke da gaskiya. Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba. "Da ba ka nan ne, da sauƙi. Mutum yana tsaye yana jin dariyarka a ciki. Ka je ka nemi Turawan naka su riƙa zaginka bayan la'asar."

Ranar Lahadi na kira likita da kaina. Na ce, "Hajiya, ƙofar nan ba za ta sake rufuwa ba. Duk wanda ya yi sallama zan amsa, kuma 'ya'yanki ma za su amsa tare da ni, don Hausar da za su tarar in sun zo gida ke nan. In kin ga ba zai yiwu ba, ba komai, Allah ya haɗa su da malamin da ya fi ni." Ta ce a gwada mako ɗaya a gani.

Aka gwada. Mai kayan miya ya sha mamaki da ya ji muryoyi huɗu daga jikin buta suna tambayarsa ya kasuwa. Malamin asibiti ya samu sababbin masu sauraro. Amma wanda aka buɗe ƙofar dominsa bai shigo ba. Ya koma zama a shagon tela da ke tsallaken hanya, kuma in zai je sai ya bi ta gaban zaurena a hankali, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, barka da aiki," ya wuce. Litinin haka, Talata haka, Laraba haka. Goron da nake ajiye masa ya bushe a aljihu.

Ranar Alhamis darasinmu a kan gona ne, damina ta yi nisa, na tsinko ganyen masara a bayan gida ina nuna musu. Na hango shi tafe, hannu a baya. Na gyara murya, na ɗaga ta yadda ko tela zai ji.

"Ku saurara da kyau, yara, wannan ilimi ne da ba kowa ya sani ba. Dawa ake fara girbewa tun ruwa bai ɗauke ba. Gero kuwa shi ne na ƙarshe, sai sanyi ya shigo. Ku maimaita."

Suka maimaita, bayin Allah, da iya gaskiyarsu.

Silifas ya tsaya. Na ƙara da cewa auduga kuma a fadama ake dasa ta kamar shinkafa, cikin ruwa har gwiwa.

Ko sallama bai yi ba. Sai ganinsa na yi a kaina, ya sunkuya yana leƙa wayar, hancinsa ya cika fuskar gaba ɗaya.

"Ku 'ya'yan wane ne aka haɗa ku da wannan? Ƙarya yake muku. Gero ake fara yankewa, ko akuya ta sani. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba sai in zai kashe kunama. Audugar ma da yake taƙama da ita, mu muke nomawa mu kai masa, shi nasa ya zauna a inuwa yana lasar fensir."

Ƙaramar ta Ingila ta matso kusa ta ce, "Malam, wane ne wannan? Me ya sa yake faɗa?"

Jimla biyu cikakku, ba gargada. Na ji uwarta a baya tana dariya ƙasa-ƙasa. Na ce, "Bawana ne, ya ɓata kwana tara, yau ya dawo."

"Matsa," in ji shi. Ya ture ni da gwiwa, ya janye matashin da nake jingina da shi ya sa a bayansa, ya karɓe ganyen masarar daga hannuna. Ya fara musu daga sharar gona, ya bi ta shuka da noman farko da maimai, yana yi yana tsayawa ya tambaye su ko sun taɓa ganin malami mai kunnuwa irin nawa. Rabin awa ta wuce, ba wanda ya kashe waya, sai da ladan ya fara gyaran lasifika.

Da muka tashi zuwa masallaci ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na zuba masa busasshen goron. Ya jujjuya shi, ya ce ko rowa ce sana'ata ta uku. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ake farawa ranar Litinin, don ba zai bar 'ya'yan mutane a hannun jahili ba.