Kiɗan da Na Tsinto a Cikin Randa

Shekara uku ina riƙe da jitar bes a ƙungiyarmu ta Yelwa, kuma in faɗi gaskiya, duk shekarun nan bin baya kawai nake yi. Bes ita ce jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, mai murya can ƙasa, wadda ba a lura da ita sai ta yi shiru. A coci na koya, kuma koyon coci sananne ne: ka zuba wa hannun mai piyano ido, inda ya sauka ka sauka, in ganga ta ce dum kai ma ka ce dum. Da haka muka yi ta zuwa bukukuwa, ba wanda ya taɓa cewa na yi kuskure. Mu biyar ne, ni kaɗai ce mace, kuma duk na fi su baki.

Sai wani tsohon malaminmu na jami'a ya tashi ajiye aiki. 'Yarsa ta zo ta ce tana so a bikin ajiye aikin mu buga masa wata waƙar rok ta Turawa da yake ƙauna tun yana karatu a waje. Ko sunan mawaƙan ba ta sani ba. A wani tsohon kaset ta same ta, ta ɗauka da waya ta turo mana. Babu takarda, babu inda za a duba, sai kunne. Shugabanmu mai jitar gaba, wanda muke kira Yaya don ya girme mu nesa ba kusa ba, ya ce kowa ya je ya ciro nasa kiɗan, mu haɗu ranar Litinin.

Kwana biyu na yi na gama. Na zauna a ɗakina na haya, na kara waya a kunne, na nemi murya mafi kauri da nake ji, na bi ta tiryan-tiryan. Abin sawa a kunnen da nake da shi ɓangare guda ya mutu, ɗayan kuma sai tsuwa kamar sauro, don haka da lasifikar wayar na yi aiki. Har na kira mai piyano na ce masa wai wannan ce rok ɗin da ake ta zuzutawa? Ai ko bacci nake yi zan buga ta.

Ranar Litinin da yamma muka haɗu a zauren cocin da ake ara mana. Muka fara, ban kai rabi ba Yaya ya ɗaga hannu. Ya jona wayarsa da babbar lasifikar zauren ya saki waƙar. Wayyo ni! Can ƙarƙashin abin da na haddace sai ga wata murya tana tafiyarta daban, tana hawa tana sauka, tana girgiza benci. Ashe abin da na kwana biyu ina koyo jita ta biyu ce. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da bes ba sam, ni kuwa na kama wanda na gani a gaba na ce shi ne mai gida. Mai ganga ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya ce in ban gaji ba in je in koyo ta mai tafi ma. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce biki saura kwana tara, ba zai kai kunya gaban dattijo ba. Ya ba ni zuwa Asabar. In ban kawo ta ba, mai piyano zai riƙe bes ɗin da hannun hagu, ai ƙungiyoyi da yawa haka suke yi, kuma suna zaune lafiya. Na gane maganar sarai. Wanda aka gano ana iya yi ba da shi ba, ba a sake kiransa. Na roƙi a bar mini lasifikar zauren, aka ce tana shiga ɗakin ajiya a kulle sai ranar Asabar. Na ja tsaki, na saɓa jitata, na ce su jira su gani. A cikin keke mai ƙafa uku kuwa hawaye na yi, don ban san me za su gani ba.

Talata na yi ta lalube. Na ari abin kunnen maƙwabciyata, shi ma tsuwar ce. Ina jin alamar muryar kamar mutum yana magana a bayan katanga, amma ban iya kama ko kalma ɗaya ba. Ana cikin haka Mama ta kira daga ƙauyenmu Miri ta ce an kawo gyaɗa daga gona, hannu ya yi kaɗan, in zo. Na ce mata ina da aiki. Ta tambaye ni ko aikin nawa ana cinsa da miya. Laraba da safe na hau babur, jita a bayana, fuska a murtuke.

Muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, waƙar tana ta maimaita kanta a kan tabarma, sai akuya ta kusa taka wayar. Mama ta ce in kawar da abin ihun nan. Kusa da ni akwai tsohuwar randarta da ta tsage aka daina zuba ruwa. Don haushi na zura wayar ciki.

Sai randa ta yi gurnani.

Na saki gyaɗa na durƙusa na cusa kaina har wuya. Ga ta nan! Ba ta fito tas kamar a zaure ba, amma tana nan, tana zagaya cikin randar, ina jin ta har a haƙorana. Na yi ƙara a ciki, ƙarar ta dawo mini a kunne. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta tarar da ƙatuwar budurwa, 'yar jami'a, rabinta a cikin randa, ta tambayi Mama a hankali ko karatun ne ya taɓa ni. Mama ta ce ita ma abin da take dubawa ke nan.

Yini biyu na yi a haka. In saurari guntu, in fito in rera shi da baki, sannan in neme shi a tsirkiya. Da yake babu lasifika, sai in jingina kan jitar da ƙyauren ɗakin Mama, katakon ya ɗauki sautin ya ƙara masa ƙarfi. Wani wuri sai na maimaita sau ashirin kafin in gane sauka yake yi ko hawa. Wuyana ya ƙage, goshina ya yi ja da ƙasar randa, yatsuna biyu suka yi bororo. Gyaɗa dai ban ɓare ta kirki ba, kuma na sha gori a kanta.

Zuwa Alhamis da yamma na samu kowane sauti, amma in na bi waƙar sai in ji ina tuntuɓe. Ina sauka tare da ganga yadda na saba, bes ɗin cikin randa kuwa ya riga ni ko ya bar ni a baya. Raina ya ɓaci, na ce Turawan nan ba su iya ƙirga ba ne. Mama tana daka gero, ta ajiye taɓarya ta zo ta sunkuya a bakin randar, ta saurara ɗan jim.

Ta ce, "Ke ce dai ba ki iya lugude ba. Wannan ba tare yake sauka da mai ganga ba. In wancan ya ɗaga, shi yake sauka."

Ta miƙo mini taɓarya ta biyu. Lugude dai kowa ya sani, mata biyu turmi guda, taɓaryar wannan tana sama ta waccan tana ƙasa. Rabona da shi tun ina firamare. Sau uku ina gwara taɓaryata da tata, tana ce mini hannun biro. A na huɗu jikina ya kama. Muka daka geron nan har ya wuce yadda ake so, ina rera kiɗan a kan saukar taɓaryata, ita tana riƙe da wurin ganga. Da na koma kan jita, yatsuna suka faɗa gurbin da kansu. Na yi guɗa, Mama ta ce in rufa mata asiri, mutane na wucewa.

Ranar Asabar na riga kowa zuwa zaure. Mai piyano ya shigo yana murmushi, ya ce kada in damu, ya riga ya gwada nasa a gida. Ban tanka masa ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai ganga ya ƙirga huɗu muka shiga. Layi biyu kacal muka yi ya rikice, don ya saba in sauka tare da shi, yau kuwa ina shiga tsakanin bugunsa. Ya tsaya yana nuna ni da sanda, wai na sake kwafsawa. 

Yaya ya sa aka saki waƙar a babbar lasifika, ya ce in bi ta ni kaɗai. Na rufe ido na bi. Tun daga farko har ƙarshe ba inda muka rabu da mai bes ɗin kaset, har ɗan gangaren nan na tsakiya da ya ci mini rabin yini. Da waƙar ta ƙare na buɗe ido. Farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan sa hannuna.

Yaya ya kashe lasifika. Sannan ya juya wajen mai ganga da mai piyano.

Ya ce, "Ku kuka ɓata, ba ita ba. A koma farko. Ƙanwata, ke za ki shiga gaba, kowa ya bi ki."

Na gyara igiyar jita a kafaɗata, na dubi mai ganga ido cikin ido, na ƙirga musu huɗu.